Naɗe Ƙafar Jirgi Ba Wuya, Sauko da Ita Ne Aiki

Jirgi in ya tashi daga filin jirgin Yola da ke Jimeta, kafin ya yi nisa ya riga ya haɗiye ƙafafunsa. Tayoyin su lanƙwashe su shige, murafu su rufe, cikinsa ya koma sumul. Wannan 'yar daƙiƙar ce ke sace zuciyar yaran da ke zanen jirgi a bayan littafin makaranta, kuma takan bi su har girma. A ɗauki ɗalibin injiniya a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, ko mai walda a Sangere da ya ƙudurta a ransa sai ya ƙera jirgi mai kujera biyu a bayan shagonsa. Da wuya ka ga zanensa na farko da tayoyi a waje. A ganinsa, jirgin da ƙafafunsa ke reto a iska bai gama zama jirgi ba.

Burin ƙera abin tashi a gida ba baƙo ba ne a Arewa. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Sai dai shi mai saukar ungulu zama yake yi a inda ya sauka. Jirgi mai fiffike dole ya yi gudu a ƙasa kafin ya tashi, ya kuma daki ƙasa da gudu in ya dawo, don haka rabin rayuwarsa a kan ƙafa take. Wanda yake son ƙafar nan ta riƙa naɗewa, kafin ya taɓa ƙarfe, ina ba shi shawara ya je inda ake ajiye babura ranar kasuwa, a Girei ko Jabbi Lamba, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinsu. An sha taƙaita zirga-zirgar babura a cikin Jimeta da Yola, amma a ƙauyuka har gobe su ne jakunan zamani, ba za a rasa na kallo ba.

Babur yana da ƙafa biyu da ake kafe shi da su: ƙaramar ta gefe, da babbar ta tsakiya mai rassa biyu, wadda makaniki ke ɗora shi a kai in zai kwance tayar baya. Babbar nake so a lura da ita. Mai babur yakan taka ta har ta taɓa ƙasa, ya kama bayan sirdi ya ja baya. Babur ya ɗago, ya ɗago, ya kai ƙololuwa, sannan ya ɗan sauko ya zauna daram. Wannan 'yar saukowar, da ba ta fi kaurin yatsa ba, a cikinta dabarar take. Ƙafar ba a miƙe cak ta tsaya ba. Ta ɗan zarce, ta jingina da wani ƙarfe da aka liƙa don ya tare ta. Daga nan duk nauyin da aka ƙara wa babur, ko buhun masara aka ɗora, ƙara danna ta yake yi a jikin abin da ya tare ta. Ba kwaɗo, ba sakata, amma ba za ta naɗe ba sai an tura babur gaba ya sake hawa ƙololuwar ya gangaro ta ɗaya ɓangaren. Sifirin ɗin da ke jikinta kuwa, shi kaɗai yana aiki biyu: in tana ƙasa yana jan ta ta zauna a ƙasa, in an naɗe ta yana riƙe ta a sama kada ta faɗo.

Yawancin ƙafafun jiragen da ke naɗewa a kan wannan dabarar suke tsaye, daga ƙaramin jirgi har na alhazai. Bambancin kawai, a jirgi ba ita ƙafar ce ke zarce tsaye ba, matokarinta ne. Matokarin sanda biyu ne na ƙarfe da aka haɗa da gwiwa a tsakiya, kai ɗaya a jikin ƙafa, ɗayan a jikin jirgi. In za a naɗe ƙafa, gwiwar ta karye, sandunan su ninke. In an sauko da ita, sandunan su miƙe, gwiwar ta wuce layin miƙewa da 'yan milimita ta tokare. Iska ta tura, ƙasa ta daka, duk ƙarfin bin tsawon sandunan yake yi ya wuce cikin ƙashin jirgi, yana ƙara kulle gwiwar. Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne kuskuren da mai sabon hannu ya fi yi. Yakan sami mota mai ƙarfi ta lantarki, ko silindar haidirolik da aka ciro daga wata tsohuwar na'ura, ya ɗaura ta kai tsaye a jikin ƙafa, ya ce ita za ta sauko da ita, ita kuma za ta riƙe ta. To, mai babur ba ya tsayawa yana riƙe da babur da ƙafarsa har ya gama cefane. Aikin ƙafarsa shi ne ta kai ƙarfen inda zai kulle kansa, sai ya tafi abinsa. Silinda ma haka. Ranar da mai ya tsiyaye ko batir ya mutu, ƙafar da silinda ke riƙe da ita ta tafi ke nan, amma wadda gwiwarta ta kulle ba ta ma san an yi ba.

Nawa ne zarcewar da ta dace? Nan ma tsohon babur ya riga ya ba da amsa. Kowa ya san babur ɗin da ƙafarsa ta cinye: ramin fin ya buɗe, abin tarewa ya lotsa, ƙafar ta zarce da yawa har tayar baya tana taɓa ƙasa, sai an haɗa ƙarfi kafin a ture shi daga kai. Akwai kuma wanda mai walda ya gyara ya cika nama, ƙafar ta tsaya kusan cak, yaro ya jingina da shi ya gangare. A jirgi, in zarcewar ta yi yawa, motar naɗewa ba za ta iya karya gwiwar ba, kuma abin tarewa zai riƙa shan nauyin da ya fi ƙarfinsa. In ta yi kaɗan, girgiza ɗaya ta isa. Tsakanin biyun tazara ce ta 'yan milimita, kuma lalacewar bushi ɗaya tana iya cinye ta. Shi ya sa ake sa noti mai daidaitawa a wurin, ake kuma auna shi a kowane babban duba.

Sai dai akwai inda babur ya tsaya jirgi ya wuce. Nauyin babur ba ya barin ƙafarsa. Jirgi kuwa yakan taɓa ƙasa ya yi tsalle, musamman a hannun ɗan koyo ko a fili mai kunya-kunya, kuma a cikin tsallen nan babu nauyin komai a kan gwiwa, sai girgiza. Don haka ba a dogara da nauyi shi kaɗai, dole a sa sifirin mai ƙarfi da zai danne gwiwar a kulle, galibi guda biyu don in ɗaya ya tsinke. Wasu sukan ƙara ƙugiya ko fin da ke faɗawa rami. Masu tsohon keken hawa sun san wannan, don ƙafarsa ta baya tana da 'yar sakata da ake shura bayan an kafe shi. Sannan ana kafe babur yana tsaye cik, mai shi yana kallon ƙasa. Ƙafar jirgi tana fita ne cikin iska mai gudun fiye da kilomita 100 a awa, a ƙarƙashin matuƙin da ba ya ganinta.

Tambayar da ya kamata a fara yi, wadda mai zumuɗi yakan tsallake, ita ce ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan, uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila da suka iso Kano daga Masar ranar 1 ga Nuwamba 1925, tayoyinsu a waje suke, haɗe da sanduna da wayoyi, kuma ba wanda ya damu. A ƙarshen shekarun 1920 ne masu bincike na hukumar NACA a Amurka suka sa wani ƙaramin jirgi, Sperry Messenger, a cikin ramin gwajin iska, suka gano ƙafafun kaɗai suna jawo kaso mai tsoka na turjiyar iska, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da suka auna. Daga nan aka shiga rige-rigen ɓoye taya: Boeing Monomail a 1930, Lockheed Orion a 1931, Boeing 247 a 1933, DC-3 a 1935. Amma ko a lokacin ba kowa ya bi yarima ba. Jack Northrop, wanda ba baya ba ne a sanin iska, ya ci gaba da ƙera jirage masu kafaffiyar ƙafa, ya dai sa mata wando na alminiyam mai santsi, domin a gudun da ake yi a wancan zamanin ya ga ribar naɗewa ba ta kai nauyinta da wahalarta ba. Sai da gudu ya ƙaru sosai lissafin ya juya.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Tayar da ke waje a gudun kilomita 300 a awa tana shan turjiya ninki 9 na wadda take sha a kilomita 100, ƙarfin injin da take ci kuwa ninki 27. Ga jiragen yaƙi irin Alpha Jet da mutanen Jimeta suka saba jin rugumniyarsu a shekarun yaƙi da Boko Haram, barin ƙafa a waje ba ma abin tattaunawa ba ne. Amma a juyo ga jirgin bayan shago. A ce yana tafiyar kilomita 150 a awa, a ce kuma naɗe ƙafa ya rage masa turjiya da kashi 15 cikin 100. Da injin nan dai, gudunsa zai ƙaru ne da abin da bai kai kashi 6 ba, wato kamar kilomita 8 a awa. Daga Yola zuwa Kano ta sama kimanin kilomita 530 ne, tafiyar awa uku da rabi. Ribar duka minti 11 ce, ko kusa da haka. A kan minti 11 ɗin nan za a ɗauki nauyin fin da bushi da sanduna da mota da murafu, a yanke rami a cikin fiffike daidai inda ya fi bukatar ƙarfi, a kuma rage tankin mai, tunda wurin da taya za ta kwanta shi ne wurin da fetur yake zama. A Yola kuwa nauyi ba abin wasa ba ne. Garin ba shi da tudu, amma a Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, iska ta yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, kowane kilo sai ya nemi ƙarin titi.

Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. Jirgi mafi kusa da ƙirar gida da aka taɓa harhaɗawa da yawa a Najeriya shi ne Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna tun daga 1989, guda 60 domin horar da matuƙan rundunar sojan sama. Asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, jirgin da ake sayar da shi a warwatse mutum ya haɗa a garejin gidansa. Ƙafafunsa uku, ba wadda ke naɗewa. Kowace sanda ce ta ƙarfe mai tauri da ke sirancewa zuwa ƙasa, tana lanƙwasa ta sha duka ta dawo, dabarar da Steve Wittman, wani matuƙin tseren jirage, ya fito da ita. Ba mai, ba famfo, ba gwiwa. Aka rufe tayoyin da kwasfa mai santsi, kuma da inji mai ƙarfin doki 180 RV-6A yana wuce kilomita 300 a awa. Richard VanGrunsven, wanda ya kafa kamfanin Van's, ya yi shekaru yana ƙin sa ƙafa mai naɗewa a jiragensa, kuma sama da 10,000 daga cikinsu sun tashi. A Zariya ma, a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, a shekarun baya ɗalibi yakan fara ne da jirgi mai kafaffiyar ƙafa irin TB-9, sai hannunsa ya faɗa a ba shi TB-20 mai naɗewa. In masu hukuma da injiniyoyi da rumbun kayan gyara sun zaɓi haka, ban ga dalilin da mai aiki shi kaɗai a Girei zai fara da abin da suka ajiye sai daga baya ba.

Ga kuma ƙasar da za a sauka a kai. Mai jirgin gida ba kullum zai sami kwalta ba. A gefen Binuwai, damina laka ce mai kama ƙafa. Taya ta kwaso ta, ta shige rami da ita, rana da iska su busar da ita ta zama dutse a kan ƙugiya. Da hunturu ƙura ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe, tana cin bushi a hankali. In jirgi ya yi sati biyu a ajiye, zanzaro ya gina ɗakinsa a kan makunnin da ke gaya wa matuƙi ƙafa ta kulle. Mai babur da sifirin ɗin ƙafarsa ya tsinke yakan yanko robar tsohon tif ya ɗaure, ya ci gaba da harkarsa, in ta kwance ya ji ƙarfe yana jan kwalta ya tsaya ya sake ɗaurewa. A sama ba gefen titi.

Duk da haka ba zan ce kada a koya ba. Wanda zai ƙera jirgi mai gudun gaske wata rana, ko ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri mai nama, zai sami ilimi a ƙafa ɗaya mai naɗewa fiye da a littafi guda. Abin da nake roƙo shi ne a bi aikin daga ƙarshe zuwa farko. A fara da ƙafa a miƙe, a kulle, tana shan duka. Jirgi mai nauyin kilo 750 da ya taɓa ƙasa yana saukowa mita 3 a daƙiƙa, daidai yake da an ɗaga shi kusan rabin mita an sake shi. In taya da shokozoba suka shanye wannan a cikin tazarar santimita 20, ƙafafun za su ji ninki biyu zuwa uku na nauyin jirgin. In tazarar ta gajarta, dukan ya ƙaru, ya wuce cikin fiffike da kashin bayan matuƙi. Wannan ne ke faɗa maka kaurin ƙarfe da irinsa. Bututun ruwa na kasuwar Jimeta ba zai yi ba, ko da kuwa ya fi kauri, domin yakan lanƙwashe ya ƙi dawowa, ko ya tsage a bakin walda. Masu ƙera jirgi ƙarfe mai lamba 4130 suke amfani da shi a irin wannan wurin, kuma samo shi da shaidar ingancinsa na iya fin zanen kansa wahala.

Bayan haka sai a nemi inda taya za ta kwanta, da layin da ƙafa za ta juya a kai. Nan kwali da ƙusa da guntun katako sun fi kwamfuta saurin tona asiri. A yanka ƙafar da girmanta na gaske, a kafa ƙusa a inda fin zai zauna, a juya a gani. Taya takan ƙara faɗi in ta tsufa ko tana juyawa da gudu, saboda haka ramin da ya yi mata cif-cif yau zai riƙe ta gobe. Tiyon birki dole ya lanƙwasa sau dubbai ba tare da ya goga da komai ba. In ƙafa tana naɗewa gaba ko baya, nauyinta yana tafiya da ita, ma'aunin jirgin ya gusa, sai an lissafa shi a hali biyun. Ɓangaren da za ta naɗe ma magana ce. Injiniyoyin Messerschmitt Bf 109 na Jamus sun liƙa ƙafafun a jikin gangar jirgin suna naɗewa waje, don fiffike ya yi sauƙi. Sakamakon shi ne tayoyi kusa da juna, jirgi mai wuyar riƙewa a ƙasa, kuma da yawa sun lalace a tashi da sauka ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Manyan jiragen fasinja galibi ƙafarsu ta gaba gaba take naɗewa, domin in komai ya mutu, a saki ƙugiya kawai, nauyinta ya faɗo da ita, iska ta tura ta baya ta kulle. Ƙaramin jirgi mai inji a hanci galibi ba shi da wannan gatan, inji ya cinye wurin, sai ƙafar ta naɗe baya, ta kuma fito tana kokawa da iska. Shi ya sa jiragen haɗin gida irin Lancair suke da sanda mai iskar gas, 'yar uwar wadda ke ɗaga but ɗin mota, tana jiran ranar da famfo zai ƙi.

Abin da zai ɗaga ƙafar shi ne na ƙarshe a zane, ko da yake shi ne ake fara saye. Matuƙan Grumman Wildcat a Yaƙin Duniya na Biyu da hannu suke murɗa ƙafarsu sama, kusan juyi 30, har ana gane su daga ƙasa saboda jirgin yakan yi tangaɗi yayin da hannu ɗaya ke murɗawa. Tsofaffin jiragen Mooney suna da doguwar liba tsakanin kujeru, a ja ta ƙasa ƙafa ta hau, a ɗaga ta a maƙale ƙafa ta sauka, kuma har yau masu su suna yabonta, don hannunka ne ke gaya maka ta kulle. Yak-52 na Rasha da matsattsiyar iska yake aiki, kuma ko ya naɗe, tayoyinsa suna leƙe, yadda in an sauka a kan ciki ɓarnar ba za ta yi yawa ba. Haidirolik ya daɗe yana yoyo kafin Niels Christensen ya sami rajistar zoben robar nan mai kama da awarwaro a 1939, wanda yanzu ake sayarwa a kowane shagon kayan mota. Sai dai a kula, ba kowace roba ke shiri da kowane mai ba. Jan man haidirolik na jirgi da man birkin mota ba dangi ba ne, in aka zuba na mota a kan robar da aka yi don na jirgi, za ta kumbura ta lalace. Ni dai, ga jirgi mai kujera biyu, liba da sifirin mai taya hannu ɗaukar nauyi zan zaɓa. Abin da ba shi da fiyus, fiyus ɗinsa ba ya ƙonewa.

Saura ɗan Adam. Wane ne bai taɓa ganin mai babur ya taso da ƙaramar ƙafar gefe a miƙe ba, mutanen bakin titi suna ɗaga murya suna nuna masa ƙasa kafin ya kai kwanar hagu? Mutum ne da ya yi shekaru yana hawa, waya ce kawai ta shigo masa lokacin tashi. Shi mantuwarsa barin ƙafa a ƙasa ce, ta matuƙi barinta a sama, kuma shi ba mai yi masa ihu. Don haka ake sa fitila kore uku, kowace ƙafa da tata, a haɗa makunninta da gwiwar kanta ba da libar da matuƙi ya taɓa ba, domin abin da ake son sani shi ne ta kulle, ba an umarce ta ba. A sa ƙaho da zai yi kuka in an rage wuta ƙafa tana sama. A sa wani makunnin da zai hana naɗewa muddin nauyin jirgi yana kan taya. Amma ƙaho ba ya sauko da ƙafa. Ranar 22 ga Mayu 2020, wani Airbus A320 na kamfanin jiragen Pakistan ya sauko titin Karachi ba ƙafa, duk da gargaɗin na'urori, injunansa suka gogi kwalta, ya sake tashi, injunan suka mutu, mutum 97 daga cikin 99 da ke ciki suka rasu. Fitilar ma tana iya zama fitina. Ranar 29 ga Disamba 1972, wani Lockheed L-1011 na kamfanin Eastern yana dab da Miami sai fitilar ƙafar gaba ta ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kanta, ba wanda ya lura jirgin yana ta yin ƙasa, har ya faɗa fadamar Everglades, mutum 101 suka mutu. Da aka bincika, ƙafar ta sauka ta kulle lafiya lau, ƙwan fitila ne ya ƙone. Mai ƙaramin jirgi yana da gatan da waɗancan ba su da shi: zai iya buɗe 'yar taga a daɓen jirgi, ko ya kafa madubi a fiffike, ya ga gwiwar da idonsa.

Akwai hanyar tsakiya da nake ganin ta fi dacewa da mai aljihu madaidaici. Burt Rutan, a jirginsa Long-EZ na 1979, ya bar manyan ƙafafu biyu a kafe, ya sa ta gaba kaɗai tana naɗewa da murɗin hannu. Wadda ta fi shan dukan sauka ba ta motsi, kuma in an manta da ta gaba, hanci ne zai gogi titi, galibi mutum ya fito da ƙafarsa ya gyara. Jiragen da ba su da inji, masu shawagi da iska, da yawansu taya ɗaya ce a ciki da liba ɗaya.

Ko wace aka zaɓa, ba a sama ake fara gwada ta ba. Tsohuwar dokar Amurka ta ƙananan jirage ta tanadi a ɗaga ƙafa da nauyin da za ta ɗauka a sake ta daga tsayin da ke tsakanin santimita 23 da 47, gwargwadon nauyin jirgi da faɗin fiffikensa. Dokar ba ta hau kan mai ƙirar gida ba, amma ƙasa ba ta san wannan ba. Gwajin kuma ba ya bukatar abin da babu a Girei: firam na ƙarfe, kura da igiya, da buhunan siminti, tunda kilo 750 buhu 15 ne. A shafa alli ko giris a jikin shokozoba a ga iya inda ya nutse, a kwance a duba kowane fin ko ya lanƙwasa. Bayan an ɗaura ta a jirgi, a ɗora shi a kan jak a yi ta naɗewa da saukowa har a gaji, da batir a cike da batir a raunane, a cire fiyus a gwada hanyar gaggawa, a ɗaura igiya mutum ya ja ƙafar baya a madadin iska a ga ko za ta kulle duk da haka. Sannan a nemi izinin hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama, don sararin Yola na jiragen fasinja ne da na soja, ba a shigarsa da ka. A tashin farko da waɗanda ke biye, masu gwajin jirage sukan bar ƙafa a ƙasa, wasu har su soka mata fin ta yadda ko an taɓa liba ba za ta motsa ba, sai an gama sanin halin inji da fiffike. Ranar da za a fara naɗe ta, a yi shi can sama daidai kan fili, da mai isasshe a tanki, da mutum a ƙasa riƙe da rediyo da tabarau mai hangen nesa, wanda zai ƙirga tayoyin in an wuce ta kansa.